Tiren da hunturu ya tsaga: nazarin wani ƙaramin aikin katako a Sakkwato

Ƙanena ya haɗa wa Inna tiren katako na kai shayi falo a watan Agusta, ruwa na tsakiyar zuba. Duk baƙon da ya gani sai ya tambayi inda aka saye shi. Kafin Janairu ya fita gindin tiren ya tsage tun daga wannan baki har kusan wancan, kusurwa ɗaya kuma ta buɗe har tsinken ashana na shiga. Ya sake haɗa wani a ƙarshen Fabrairu, da irin katakon farko da irin gam ɗin farko, kuma wannan na biyun ya ga bazara, ya ga damina, ya sake ganin hunturu bai tsage ba. Duka biyun a gabana aka yi su, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda aka yi, don waɗanda suka ga tsagar sun rabu gida biyu: masu cewa mai katako ya cuce shi, da masu cewa gam ɗin jabu ne. Da aka kwance tiren aka duba, duka biyun ba su ci ba.

Gidanmu a unguwar Mabera yake, kuma gida ne na baƙi, musamman ranar Juma'a da yamma da kuma bayan Magariba. Tiren da Inna ke amfani da shi na ƙarfe ne, shimfiɗaɗɗe, ba shi da baki mai tsawo. Yarinya ta taɓa yin tuntuɓe da bakin kafet, kofuna huɗu suka zame gaba ɗaya. Ƙanena kuwa duk hutun makaranta yana zuwa shagon wani tsohon kafinta a unguwa, wanda kowa ke ce wa Baba. Hannunsa ya faɗa da zarto da guduma, yana iya miƙar da gefen falanki. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ya haɗa abu da kansa ya zauna da shi shekara guda ya ga yadda zai kasance.

Yadda aka yi na farko

Awon da ya yi tun farko daidai ne, har yau ba a canza shi ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, ya jera filas, kofuna shida, gwangwanin sukari da ƙaramin faranti na dabino, ya zagaye su da fensir. Abin ya ba da santimita 45 a tsawo, 28 a faɗi. Bakin tiren ya ba shi santimita 6, yadda ko kofi ya zame zai tsaya.

Daga nan ya nufi 'yan katako ya samo guntun madaci mai faɗin inci 12, ja wur, mai nauyi, da sanyi-sanyi idan ka ɗora tafin hannu. Motar da ta kawo shi ma ba a gama sauke ta ba. Ya kai wurin masu inji suka goge masa shi ya koma kauri santimita 1.2, ya dawo gida ya yanka ya haɗa duk a rana ɗaya. Gindin allo guda ne, ya shafa gam a duk zagayensa, ya ɗora bakin a kai, ya bi ta ƙasa da ƙananan ƙusoshi kusan kowane santimita 5. Marikin kuma irin na durowa ne na ƙarfe, da gajerun sukurori. Ya shafa banish sau biyu a sama da gefe. Ƙasan ya bar shi haka nan. Da na yi magana sai ya ce, "Yaya, wa zai kifa tire ya duba ƙasansa?" Ni ma a lokacin ban ga laifin hakan ba.

Wata biyu ba abin da ya faru. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a Nuwamba sai Inna ta lura kofi ba ya zama daidai a tsakiya, gindin ya ɗan yi doro, idan shayi ya zube sai ya gangara gefe. Aka ce ko ido ne. A Disamba mariƙi ɗaya ya fara girgiɗi, aka ƙara ɗaure sukurorin. Wani dare a Janairu aka ji ƙas daga falo, Inna ta ɗauka ɓera ne ya ture wani abu. Da safe aka ga tsagar.

A shagon Baba

Baba ya juya tiren sama da ƙasa, ya sa farce a cikin tsagar, bai ce komai ba tukuna. Can ya ɗago.

"Yaushe kas sawo iccen ga?"

"Ga damina, Baba."

"Kwana nawa yay yi aje kahin ka yanka?"

"Ranan nan nay yanka shi."

Baba ya yi dariya har da tari. "Ɗana, icce ko an sare shi numfashi shikai. Ka ɗamre mai hannu da ƙahwa, mi kaka so shi yi?"

Ya ɗauko filaya ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya sa bakin wuƙa ya raba gindin da bakin. Abu na farko da ya nuna mana shi ne layin gam. Zaren katako ne manne a jikinsa, wato katakon ne ya yage, gam ɗin bai saki ba. Da a ce jabu ne da gindin ya ɓalle salin alin ba tare da ya tsage ba. Ƙarfin riƙon ne ma ya jawo tsagar. Sai ya haɗa ɓarin allon biyu ya matse su, ya ɗora tef. Allon da aka yanka a kan santimita 28 ya koma 27.4. Tsawonsa kuwa 45 ɗin nan ne, ko gashi bai ragu ba. Ya auna gajerun katakan baki, na gefen mariƙi, su ma suna nan a yadda aka yanka su.

Duk lamarin yana cikin waɗannan awo uku. Katako yana shan danshin iska yana kuma sakinsa har sai ya daidaita da wurin da yake zaune. Idan danshin iska ya kai kashi 80 cikin 100, ruwan da ke jikin katako yakan tsaya wajen kashi 16 na nauyinsa busasshe. Idan danshin ya sauka zuwa kashi 20, ruwan yakan koma kashi 4 zuwa 5. Sakkwato tana ganin duka biyun a shekara ɗaya. A Agusta, watan da ruwa ya fi yawa, iska jiƙe take. A Janairu da Fabrairu kuwa danshin yakan yi ƙasa da kashi 20, lokacin da leɓe ke tsagewa, diddige na kaushi. Kuma mafi yawan katakon da ke shigo mana daga kudu da tsakiyar ƙasar nan manyan motoci ke ɗauko shi, inda iska ta fi tamu laima nesa ba kusa ba, sau da yawa bai daɗe da fitowa daga injin tsaga ba.

Idan ruwan ya fita katako yana tsukewa, amma ba ta kowane ɓangare daidai ba. Ta tsawonsa, yadda zaren ya miƙe, tsukewar ba ta taka kara ta karya ba. Ta faɗi ne yake motsi. Ƙiyasin da masu aikin katako ke bi shi ne kusan kashi 1 cikin 100 na faɗin allo a duk sauyin ruwa na kashi 4, wasu itatuwa su fi haka, wasu kamar madaci su ɗan gaza. Allon santimita 28 da ya sauko daga kashi 16 ko 17 zuwa 5 zai nemi ya ragu da milimita 6 zuwa 8. Gajerun katakan baki kuwa an kwantar da su ne a kan faɗin gindin, zarensu ya gitta nasa, su ba za su ragu ba. Gindi na ja ciki, baki ya ƙi bi, gam da ƙusa sun hana kowa zamewa. Dole wani ya ba da kai. Kusurwar da ta fi rauni ta buɗe, sauran jan kuma allon ya biya da tsakiyarsa.

Doron da Inna ta fara gani shi ma yana da dalili. Saman an rufe shi da banish, ƙasan a buɗe. Ƙasan ya riga saman bushewa, ya riga shi tsukewa, sai allon ya lanƙwasa. Banish ba ya hana danshi shiga da fita gaba ɗaya, rage masa gudu kawai yake yi, to idan fuska ɗaya ce aka rage wa gudun, ɗayar za ta ja ta.

Duk mai ƙofar katako a garin nan ya san wannan ko bai san sunansa ba: da damina sai an sa kafaɗa kafin ta rufu, da hunturu kuma haske na shigowa ta gefenta. Akushi da turmi ba su cika shiga wannan rigima ba tunda daga kututture guda masassaƙi ke fitar da su, babu wani guntun da ke riƙe wani. Mai katakon kuma ban ga inda ya yi ƙarya ba. Madaci aka nema, madaci ya bayar. Ba wanda ya tambaye shi ko ya bushe.

Na biyu

Wannan karon Baba ya hana shi taɓa zarto sai katakon ya zauna. Ya sayo wani guntun madacin, aka yanka shi da rara a kowane gefe, aka ɗiga narkakken kyandir a bakunan biyu inda zaren ya ƙare, don ta nan ruwa ya fi saurin fita kuma ta nan tsaga ke farawa. Aka jera guntayen a ɗaki, a inuwa, da siraran sanduna tsakaninsu don iska ta ratsa, aka danne da bulo. Ƙanena ya so ya shanya su a rana don a yi sauri, Baba ya ce ranar Sakkwato za ta busar da fatar ta bar cikin ɗanye, sai fuskar ta yi zane-zanen tsaga.

Ba mu da na'urar auna ruwan katako, sai aka yi da sikelin mai shagon bakin layi. Duk kwana uku ƙanena zai ɗauki allon gindin ya kai a ɗora, ya rubuta nauyin da fensir a jikinsa. Mai shagon tun yana dariya har ya koma shi ke tambaya, "Yau nawa mara lafiyarka ya rage?" Ranar farko kilo 3 ne da giram 50. Makon farko ya zube da sauri, daga nan ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan. Da aka shiga mako na huɗu awo uku a jere suka ba da kilo 2 da giram 740. Giram 310 na ruwa ke nan, fiye da cikin kofin shayi, a cikin allon da kowa zai rantse busasshe ne.

Kafin a yanka sai da aka yi muhawara a kan gindin. Baba ya ce hanya mafi sauƙi ita ce filawud mai kaurin milimita 6. Shi filawud siraran yadudduka ne aka manna, zaren kowanne ya gitta na ƙasansa, saboda haka kusan ba ya motsi, ana iya manna shi a duk zagaye a kwana lafiya. Cikakken fallensa ƙafa 4 ne da ƙafa 8, amma guntu irin wannan ana samunsa a ragowar aikin kowane shago. Inna ta ce sam. Ta ga yadda na kabad ɗin kicin ya kumbura ya ɗaɗɗaye da ruwa ya taɓa shi, ba za ta kai wa baƙi shayi a kan irinsa ba. A ganina Baba ya fi gaskiya, in dai an rufe gefunan da banish sosai, kuma duk wanda ba shi da hanyar yanka kwari, wato siririn rami a jikin katakon baki da gindin zai zauna a ciki, to filawud ɗin ya fi masa. Amma tiren na Inna ne.

Sai aka koma ga dabarar da ake yi wa allon tsakiyar ƙofa: a bar gindin ya zauna a cikin kwari ba tare da gam ba. Aka ƙara kaurin baki zuwa santimita 1.5. Mai inji ya bi cikin kowane katakon baki da zartonsa sau biyu ya fitar da kwari mai faɗin milimita 6 da zurfin 8, santimita 1 daga ƙasa. Gindin aka bar shi a kaurin santimita 1, aka feƙe gefunansa ta ƙasa har suka shiga kwarin suna zamewa da turin hannu.

A nan ne ƙanena ya kusa maimaita kuskurensa ta bayan gida. Ya auna gindin zai yanka shi ya cika kwarin dam. Baba ya riƙe masa hannu. Yanzu Fabrairu ne, allon yana kan mafi ƙanƙantarsa, abin da ya rage masa shi ne kumbura idan ruwa ya sauka. In aka cika kwarin yau, a Agusta zai tura dogayen bakunan waje ya ɓalle kusurwoyi. Aka rage faɗin yadda zai shiga milimita 4 a kowane dogon gefe, milimita 4 kuma su zauna fanko suna jiran damina. Da a damina ake aikin da akasin haka za a yi, a cusa shi kusan ƙarshen kwarin don kada ya fice idan ya tsuke. Ta gajerun gefuna kuwa, inda tsawon allon ya ƙare, ba a bar komai ba sai ɗan abin da zai ba shi damar zamewa.

Kusurwoyin an yi musu ɗan mataki a bakin dogayen katakan, gajerun suka zauna a ciki, hakan ya ƙara wa gam wurin kamawa ya kuma ɓoye bakin kwarin. Bakin katako inda zare ya ƙare yana shanye gam kamar yashi, don haka aka fara shafa masa siriri, aka jira 'yan mintoci, sannan aka ƙara. Maimakon ƙusa aka huda aka buga turakun katako biyu-biyu masu kaurin milimita 6. Sai da aka gwada haɗa komai ba gam har sau biyu, saboda a irin busasshiyar iskar nan farin gam yana fara kamawa kafin ka gama waiwaye. Aka goga kyandir a kusurwoyin gindin don ko gam ya tsiyayo kada ya kama shi. Abin matsewa kuwa tsohon tub ɗin babur ne aka yanka dogo-dogo aka naɗe tiren tamau. Ƙanena ya auna daga kusurwa zuwa kishiyarta, ya auna ɗaya ɓangaren, ya ɗan matsa har awon biyu suka zo ɗaya, aka bar shi ya kwana.

Mariƙin ƙarfe an yi watsi da shi, tunda gajeren sukuru a siririn katako ba ya daɗewa. Aka ɗaga gajerun bakunan zuwa santimita 8.5, aka huda ramuka biyu masu faɗin santimita 2.5 aka yanke tsakaninsu, ya zama taga mai tsawon santimita 10, da santimita 2 na katako a samanta. Hannuna aka gwada da shi don ya fi na kowa girma a gidan.

Shafe-shafen bai da wani labari mai yawa in ban da ƙura. Samfefa lamba 80, sai 120, sai 220, kullum ana bin zare. Gindin tun kafin a haɗa aka shafe shi da banish sama da ƙasa da gefuna, don kada idan ya tsuke a ga farin layi a bakin kwari. Shafin farko na jikin tiren a tsakar gida ya yi shi da hantsi, kafin azahar ya yi rauɗi-rauɗi kamar an barbaɗa masa gari, sai da aka sake gogewa. Daga nan ya koma yi bayan sallar Asuba, a ɗaki a rufe, ya yayyafa wa daɓen ruwa, yana gamawa ya kifa babban kwali a kai. Shafi uku siri-siri, da ɗan goge tsakani. Wata maƙwabciya ta ba da shawarar a shafa man gyaɗa kawai, ya fi sauƙi. Baba ya ce man gyaɗa ba ya bushewa a jikin katako, zai yi danƙo ya kama ƙura, daga baya ya yi wari. Aka bar tiren mako guda kafin a ɗora masa kofi, aka kuma ware masa ƙaramin faifai na ɗora butar shayi, don zafin gindin buta yana bar wa banish farin zobe.

Bayan shekara

Zafin Afrilu, da ma'auni ke haura digiri 40, bai yi masa komai ba, tunda a bushe aka haɗa shi. A Agusta na sa ido. Gindin ya cika kwarin har ya daina motsi idan ka tura shi da yatsa, amma kusurwoyi huɗun suna nan a rufe. Da hunturu ya dawo sai ya koma yana ɗan ƙwal-ƙwal idan an ɗaga tiren ba komai a kai, Inna ta ce kamar haƙorin tsohuwa. Baba ya sa aka buga siririyar ƙusa guda ɗaya a tsakiyar kowane gajeren baki, ta ƙasa, ta ratsa gindin. Tsakiyar ta tsaya cak, gefuna biyun kuma suna da damar shiga da fita. Ƙarar ta ragu sosai.

Ƙorafi biyu suka rage. Na farko nauyi: tiren ya kusa kilo 2 tun ba a ɗora filas ba, ƙananan yara ba sa iya kai shi falo. Madaci itace ne mai nauyi. Katakon obeche bai wuce rabin nauyinsa ba, sai dai yana lotsawa da ɗan bugu kaɗan kuma ƙwaro na son sa. Baba ya ce da zamanin da ne da madobiya zai ba da shawara saboda kyan zanenta, amma ita ma nauyi gare ta, ga shi an sare ta an yi waje da ita har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta ƙasashen duniya kan kare dabbobi da tsirrai masu barazanar ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki a 2016, samunta yanzu sai an sha wuya.

Na biyun ya fi damuna, kuma shi ne kuɗin da aka biya na ƙin filawud. Idan shayi ya zube yana gangarawa cikin kwarin, inda tsumma ba ya kaiwa. Shayin gidanmu kuwa ba a yi masa rowar sukari. Sau biyu aka wayi gari kiyashi sun yi layi daga bakin ƙofa har kusurwar tiren. Yanzu duk ranar Asabar ana karkata shi a bi kwarin da tsohon buroshin haƙori da ɗan ruwa, a goge, a jingine shi a inuwa. Ƙanena yana so ya huda ɗan rami a ƙasan kwarin ta kusurwa ɗaya don abin da ya shiga ya samu mafita. Baba ya ce sai shayin ya ɗiga a kan kafet ɗin Inna, ya je ya fara tambayarta tukuna. Har yanzu bai tambaya ba.